Famfon Ruwan Injin Jirgi, da Wanda Alhaki Ke Kansa In Ya Ƙone

Laccar da malamin kotu ya karanta wa ma'aikata a Madadi, ƙasar Gwarzo.

 

An umurce ni in yi magana a wannan taro da mu ke tunawa da magabatanmu ma'aikatan En'e, waɗanda suka riƙe ƙasar nan da alƙalami da littafi kafin a sāke tsarin ƙananan hukumomi a 1976. Na zaɓi in yi magana a kan injin da a ke ɗaura wa jirgin ruwa a baya, musamman ɗan famfon da ke cikinsa mai shayar da shi ruwa. Watakila wani ya ce, ina ruwan mai alƙalami da sifana? To, ai duk abin da ya lalace a bakin ruwa a gaban alƙali ya ke ƙarewa, mu kuwa mu ke rubutawa. Mai jirgi ya ce yaronsa ya ƙona masa inji, yaro ya ce makanike ne bai gyara ba, makanike ya ce shi ya gyara, su suka ɓata. Kowa da rantsuwarsa a baki, ba mai shaida ko guda. Wanda ya saurari irin wannan sau da yawa dole ya nemi sanin yadda abin nan ke aiki.

Ku tuna ƙasarmu ba ƙasar jirgi ba ce tun asali. Rafukanmu su kan cika da damina, da rani su ƙafe har a tona yashi a ɗebi ruwa. Sai a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka tashi haiƙan wajen datse koguna. Aka yi Bagauda, aka gama Tiga a 1974. Nan wajenmu kuma ga Guzuguzu da Magaga da Pada. Aka gama Watari ta Bagwai a 1980, babbar madatsar Challawa ta Karaye kuwa a 1992. Ruwa ya kwanta inda dā a ke bi da jaki, garin da ke maƙwabtaka da kai ya koma hayi, sai da fito. Mutanen Yawuri da na Lakwaja sun gāji jirgi kaka da kakanni, yaro ya kan tashi ya tarar da ubansa ya san halin ruwa. Mu kuwa jirgin da injinsa tare suka zo mana rana ɗaya, ba gādo, ba malami. Saboda haka abin da gādo bai ba mu ba, sai mu neme shi da koyo da tsari.

Shi wannan inji wani mutum mai suna Ole Evinrude ya yi fice wajen ƙera irinsa don sayarwa a Amurka tun wajen 1909. Kamfanin Yamaha na Jafan, wanda injinsa ya fi yawa a kogunan Nijeriya, ya fito da nasa na farko a 1960. Ko da ya ke an yi ta gyara fasalinsa tun daga sa'an nan, hanyar sanyaya shi ba ta sāke ba ƙwarai. Mota tana da lagireto, tana yawo da ruwanta a ciki, iska na hura shi. Injin jirgi ba shi da lagireto. Ruwan da ya ke tafiya a kansa shi ya ke tsotsa, ya zaga da shi jikinsa, ya zubar, ya tsotsi wani. Kadan ruwan nan ya yanke, cikin 'yan mintoci kan inji ya yi zafi, fistin ya kumbura ya kama jikin tukunyarsa, inji ya tsaya cik. Gyaran wannan kuwa ya kan kusa kuɗin rabin sabon inji, wani lokaci ma ba ya gyaruwa.

Ga yadda abin ya ke. A ƙafar inji, can ƙasa kusa da farfelar da ke tura jirgi, akwai waɗansu 'yan ƙofofi masu raga, ta nan ruwa ke shiga. Sama da su kaɗan akwai wani ɗan gida, a cikinsa akwai wata 'yar farfela ta roba wadda ba ta cika tafin hannu ba, galibi fukafukanta shida. Sandar ƙarfen da ke sauko da ƙarfin inji zuwa giya ta tsakiyarta ta ratsa, sai ta zama inji na juyawa ita ma tana juyawa. Hikimar da ke ciki ita ce ba a daidai tsakiyar gidan aka zaunar da ita ba, an karkatar da ita gefe guda. Saboda haka a gefe ɗaya fukafukan su kan miƙe su buɗe, su ja ruwa, in sun iso ɗaya gefen su lanƙwashe su matse shi, ya bi wani siririn bututu ya hau sama. Wannan shi ne famfon duka. Raina kama ka ga gayya, gama ran inji gaba ɗaya a hannun robar nan ya ke.

Abu na fari da ke kashe ta shi ne tā da inji a tudu. Ruwan da ta ke ja shi ne man shafawarta. In ta juya a bushe, ko rabin minti bai cika ba sai bakin fukafukan ya ƙone, ko ya narke ya manne a jikin gidan. Ga shi kuwa al'adar yaran jirgi ce in an kawo inji daga gida su ja igiya tun yana kan kafaɗar wani ko yana jingine a bango, wai su ji ko zai tashi. Ya tashi, sun ji daɗi, alhali kuwa sun riga sun yi ɓarnar. Ba a ranar za a gani ba. Sai bayan kwana uku ko mako, a tsakiyar ruwa, da mutane a ciki.

Na biyu yashi da laka. Da farkon damina ruwan madatsunmu ja wur ya ke zuwa, ɗauke da ƙasar gonaki. Da bazara kuma ruwa ya ja baya, direba ya kan kutsa da inji har cikin taɓo don kada fasinja su jiƙe ƙafa. Yashin nan ya kan shiga famfo ya yi ta gurzar roba da farantin ƙarfen da ke ƙarƙashinta kamar dutsen niƙa. Masu ƙera inji su kan ce a duba farfelar roba kowace shekara, ko bayan aikin sa'a 100, a sāke ta kafin ta wuce sa'a 300. Amma fa wannan lissafin mai tafiya a ruwa garau ne. A ganina, wanda ke fito kullum a ruwa irin namu, ya sāke ta kowace shekara kafin ruwan sama ya sauka, kada ya tsaya jiran ta nuna gajiya. Har wa yau ga leda, wadda ta zama annoba a ƙasar nan. Guda ɗaya in ta manne a ƙofofin shan ruwa ta isa. Kainuwa da ciyawa ma haka.

Akwai kuma lalacewar zama. Injin da aka jingine wata biyar ko shida, fukafukan da ke gefen matsi su kan sandare a lanƙwashe, zafin ɗaki kuma ya busar da robar ta yi tsaga. Mai shi ya ce ai ban yi aiki da shi ba, sabo ne. Roba ba ta san wannan magana ba.

To, abin da ya sa na ce maganar nan ta shafi shari'a shi ne, inji ba ya mutuwa ba sallama. Masu ƙera shi sun huda wata 'yar ƙofa a ƙarƙashin murfinsa ta baya, inda ruwa ke tsartuwa siriri muddin famfo na aiki. Masu jirgi su kan kira shi fitsarin inji, ku gafarce ni, sunan da suka ba shi ke nan. Ba don komi aka yi shi ba sai don direba ya waiwaya ya gani. In yana fita da ƙarfi, ka tara hannu ka ji shi da ɗumi kaɗan, lafiya. In ya koma ɗigo, ko yana yankewa, ko ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, ko tururi ya maye gurbinsa, to, a kashe inji nan take a ɗaga ƙafarsa a duba. Sau da yawa leda ce kurum, a cire a ci gaba da tafiya. Wani lokaci ma famfon lafiya lau ya ke, zanzaro ne ya yi gini a bakin ƙofar sa'ad da inji ke ajiye, sai a zura zaren fatsa mai kauri a buɗe. Amma direban da ya ga ruwan ya ɗauke, ya ce bari dai mu ƙarasa gaɓa, wannan ya zaɓi abin da ya same shi.

Yanzu gyaran. Ba na nufin ku koma makanikai, amma wanda ya san yadda a ke aiki ba a yi masa rufa-ido. Makanike na kirki ya kan fara shimfiɗa tabarma ko buhu, don akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar tsinin wata, bai fi ƙwayar wake ba, shi ke ɗaure farfelar roba da sanda. In ya faɗi cikin yashi ya tafi ke nan, in kuwa aka mayar ba shi, sanda za ta yi ta juyawa roba na tsaye. Sa'an nan ya kwance mahaɗin sandar giya, ya kwance notocin da ke riƙe da ƙafar inji, ya zare ta ƙasa a hankali. Ya buɗe gidan famfo, ya zaro tsohuwar roba.

A nan ne a ke gane gwani. Ya ƙirga fukafukan. In ɗaya ya gutsure, lalle ne a nemo guntun, gama ba ɓacewa ya yi ba, yana can ya maƙale a bututu ko a hanyoyin ruwa na kan inji. Wanda ya sa sabuwar roba ya bar guntu a ciki, ya karɓi kuɗin mutane a banza, inji zai sāke zafi. Kana ya bi cikin gidan da farantin ƙasa da farce. In farce na kamawa a zane, yashi ya cinye su, a sāke su tare da gaskit, don sabuwar roba a kan gurzajjen faranti ba ta daɗewa. Wajen mayarwa, a shafa wa robar ɗan ruwan sabulu, a riƙa juya sanda yadda hannun agogo ke tafiya ana danna gidan ƙasa, don fukafukan su kwanta ta fuskar da za su yi aiki. A shafa giris a haƙoran kan sanda ta gefe, kada a ɗora a ƙoƙonta, gama in ya taru a can sanda ba ta shiga mazauninta sosai. A tabbata bututun ruwa ya faɗa bakinsa daidai. Daga ƙarshe a tsoma ƙafar inji cikin duro cike da ruwa har ya rufe famfo, a tā da shi a gaban mai shi, kowa ya ga ruwa na tsartuwa. Aikin duka bai cika wuce sa'a guda ba a hannun wanda ya saba.

Tun da an riga an sauke ƙafar, sai a duba man giya. In ya fito fari kamar kindirmo, ruwa ya shiga. Galibi zaren koma ko na mamari ne ya naɗe a bayan farfelar tuƙi ya yanke zoben robar da ke tsare mai. Sabon mai kuwa ta ƙofar ƙasa a ke ɗura shi har ya ɓullo ta sama, don kada iska ta zauna a ciki. Maganar fetur kuma gajeriya ce. Irin injin da a ke gauraya wa mai, yawancinsu kashi ɗaya na mai ne cikin kashi 50 na fetur, watau rabin lita a tanki mai lita 25, sabon inji kuwa a kan ninka masa man a sa'o'i goma na farko. Kowa dai ya bi abin da ke rubuce a takardar injinsa, ya auna da mudu sananne, ya bar awon ido.

Manoman rani na fadamunmu kada su ce ba da su a ke ba. Injin ban-ruwa farfelarsa ta ƙarfe ce, amma shi ma in aka tā da shi ba a cika tukunyarsa da ruwa ba, abin da ke hana shi yoyo ya kan ƙone. Ba ya kuma iya jan ruwan da zurfinsa ya wuce kamar mita 7 ko 8, kome girmansa. A bar ragar bakin tiyo a wurinta, kada ta kwanta a kan yashi.

Mu komo ga shari'a, Allah ya gafarta Malam, in na yi kuskure a gyara mini. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, mai sana'a yana lamunin abin da aka ba shi ya tafi da shi bayan idon mai shi, ko da lada ya yi aikin ko ba lada. Makaniken da ya ɗauki inji zuwa rumfarsa yana cikin wannan hukunci, sai fa in ya kawo shaidar cewa abin ya lalace ba da hannunsa ba. A wurin nan kuma aka ce mai jirgi ba ya lamunin kayan da suka nutse, amma ba shi da kuɗin fito sai ya isar. Malamai sun bayyana cewa wannan sauƙi na wanda bai yi sakaci ba ne, bai kuma ƙetare iyaka ba. Haka yaron da aka ɗauka aikin tuƙi, amintacce ne, ba ya biya sai an tabbatar ya yi sakaci. Kun ga ashe shari'ar duka a kan kalma ɗaya ta ke juyawa, watau sakaci. Da me kuwa za a tabbatar da shi? Mai ƙara shi ke kawo shaida, shaidar kuwa ta nutse, ko an jefar da ita a bola a bayan rumfar makanike. Sai a koma ga rantsuwa, abin da alƙali ba ya so ya kai mutane gare shi a kan abin duniya.

Dukiya ma da sauƙi. Ba wanda ya manta da daren 30 ga Nuwamba 2021, sa'ad da jirgi ya kife a ruwan Watari tsakanin Badau da Bagwai, aka rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu tafiya Mauludi. Allah ya jiƙansu. Abin da hukuma ta ambata a kan wannan shi ne yawan lodi, ba inji ba, kada a ce na faɗi abin da ba a faɗa ba. Na kawo shi don ku san ruwan nan da mu ke gani kwance yana cin rai, kuma a maƙwabtanmu ya ci. Jirgin da ke tafiya yana fuskantar igiyar ruwa da ƙirjinsa. In inji ya mutu, iska ta kan juya shi ta ba ruwa haƙarƙarinsa, mutane su firgita su tashi tsaye su koma gefe guda. In da lodi ya yi yawa, ga magariba ta yi, ba filafili a ciki, sauran labarin kun san shi.

Na sani ba mu ke ba jirage izni ba. Wannan aikin hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa ne, wadda aka kafa a 1997, hedkwatarta na Lakwaja, ita ce kuma ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar kariya. Amma Lakwaja da nisa, dagaci kuwa yana kusa. Maganar da mai unguwa ya faɗa wa Sarkin Ruwa a ƙofar masallaci ta fi takardar da ba wanda ya karanta saurin isa mashigi.

A nan ne na ke so mu yi koyi da waɗanda mu ke tunawa yau. Malaman En'e, waɗanda yawancinsu Midil ta yaye, ba su da na'urorin da mu ke da su, amma ba abin da ya shiga hannunsu bai shiga littafi ba, haraji ne, jangali ne, ko buhun siminti. Da irin wannan riƙo En'e ta Kano ta jawo ruwan famfo daga kogin Challawa zuwa birni a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, ta kuma riƙe injunan suna aiki shekara da shekaru. Mu da muka gāje su, littafin 'yan makaranta guda ɗaya ga kowane inji bai kamata ya gagare mu ba.

Abin da na ke roƙo ke nan, Allah ya ja zamanin Hakimi. Kowane jirgi mai ɗaukar mutane don kuɗi ya zama yana da littafi a hannun mai shi. A rubuta lambar inji a bangon farko. Duk ranar da aka sāke farfelar roba ko man giya ko fulogi, a rubuta kwanan wata da sunan wanda ya yi aikin, ya sa hannu, ko da ajami ne, ko dangwale. Makanike ya mayar wa mai inji tsohuwar robar da ya cire, da kwalin sabuwar, gama jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma wani ya kan wanke tsohuwa ya mayar ya ce ya sāke. Robar nan in an kawo ta gaban alƙali ta kan yi magana da kanta. Wadda ta ƙone a bushe bakinta baƙi ne mai ƙyalli, ya narke. Wadda yashi ya ci ta kan siraɗe ta yi zane. Wadda tsufa ya kashe ta kan yi tsaga a gindin fukafukai. Ko wanda bai taɓa riƙe sifana ba, in an jera masa su uku sau ɗaya, ba zai sāke rikita su ba, daga nan kuwa a kan gane ko laifin yaro ne, ko na makanike, ko na mai jirgin da ya ƙi fid da kuɗin gyara.

Sarkin Ruwa kuma, ko wanda dagaci ya wakilta a mashigi, kafin jirgin farko ya tashi da safe ya sa a tā da inji a cikin ruwa, ya ga tsartuwar ruwan nan da idonsa, ya ga filafili biyu da abin kwarfe ruwa a ciki, ya ƙirga mutane. Ranar kasuwa da ranar biki da lokacin Mauludi ya fi tsanantawa, don ran nan ne a ke cika jirgi, ran nan ne kuma direba ba ya son tsayawa. Masu unguwanni su duba littattafan sau ɗaya a shekara, a watan Mayu, kafin ruwa ya fara cika, su kai wa dagaci sunan wanda bai sāke robarsa ba. Wanda ya ke son misalin yadda za a tsaga shafin littafin, ya same ni a ofishin kotu bayan an tashi, in zana masa.